Ƙwallon da Aka Yafe wa Arlen Kucera

"...To ki je ki nemo wanda zai riƙe miki hannu ya shiga da ke coci! Ni dai ba da ni ba!"

"Haba Baba!"

"Babu wani Baba! Na gama magana."

Arlen Kucera ya dangwarar da kofin gahawarsa a kan teburin kicin har ta fantsamo masa a hannun riga. 'Yarsa Tessa tana tsaye a bakin ƙofa da makullin mota a hannu, idanunta sun ciko taf. Uwarta Lorna kuwa ko waiwayowa ba ta yi ba, tana ta cusa markaɗaɗɗen 'ya'yan itace a tsakiyar kolache, burodin nan mai zaƙi da ta gada wurin kakarta.

"Arlen, rage murya," ta ce. "Shanun maƙwabta ma sun ji ra'ayinka."

"Su ji mana!"

"Baba, biki saura 'yan makonni fa," Tessa ta faɗa. "An raba kati, an gama ɗinka riga..."

"Sai ya auri katin!"

"Wai me Wade ya yi maka da zafi haka? Girmama ka fa ya yi!"

"Girmamawa?" Arlen ya miƙe tsaye, kujera ta yi baya. "A gaban mazan garin nan kaf yaron nan ya miƙo mini sadaka, ke kuma ki ce girmamawa? Ni Arlen? Ni za a ji wa tausayi?"

Ya figi hularsa ya nufi rumfar tarakta, ko kolache ɗaya bai ɗauka ba. Wanda ya san Arlen ya san lamari ya ɓaci ke nan.

To bari ku ji abin da ya faru jiya Alhamis, don a garinmu Velda babu gidan da ba a kwana da zancen ba.

Tun daga tsirowar masara har dab da girbi, duk yammacin Alhamis mazan garin nan ba su da aure, ba su da 'ya'ya, ba su da ciwon baya. Suna can filin golf, wasan tura ƙaramar ƙwallo cikin rami da sanda, a bayan tankin ruwa, ramuka tara a tsakiyar gonaki, biyu-biyu suna karawa da juna kamar za a ba su sarautar duniya, alhali kofin da suke wa wannan haƙilon ko miya ba zai ci ba. Arlen da amininsa Merle Dostal tare suke wasa tun kafin a haifi Tessa. In an gama, a taru a ɗakin kulob na bakin filin a ci gasasshen nama da masara, a sha giya, a yi ta ƙarya. Tessa ce ke riƙe da murhun gashin, tsofaffin mata kuma su zo wai taya ta wanke-wanke, don tagar kicin tana kallon ramin ƙarshe sosai.

Akwai wata al'ada a wurinsu. In ƙwallonka ta tsaya dab da rami, abokin karawarka zai iya cewa, "Ɗauki abarka, na yafe," sai a ƙirga ta shiga. Amma abin da ma'auni. Ana gwadawa da sanda, daga kanta zuwa inda mariƙi ya fara. In ta wuce haka sai ka buga, ko kai ne faston garin.

Sai kuma abin da kowa ya sani, ba mai faɗa. Tun bara hannun daman Arlen yake rawa. A dogon bugu ba a ganewa, amma da ya sunkuya zai tura ƙwallo ramin da ke kusa, sai sandar ta kama kaɗawa. Da zarar ya sunkuya kuwa, duk mazan nan sai kowa ya sami abin kallo. Wannan ya duba masara, wancan ya ɗaure igiyar takalmin da ba ta kwance ba, Merle ya ɗaga kai yana neman hadari a sararin da babu ko gajimare. Ta shiga ko ta kauce, ba wanda ya gani.

Jiya sai ga Arlen sun haɗu da Wade Halvorsen, saurayin Tessa, likitan dabbobin da ya zo daga birnin Omaha. Sun zo ramin ƙarshe ba wanda ya fi wani. Ƙwallon Arlen ta tsaya nesa da rami kamar tsayin mutum a kwance, in ta shiga ya ci wasa. Ya sunkuya, sanda ta fara rawa, maza suka fara kallon masara. Kawai sai yaron nan ya buɗe baki da ƙarfi, har da murmushi:

"Ɗauki abarka, Mista Kucera, na yafe!"

Aka yi tsit. Har cokulan kicin suka daina ƙara.

Arlen ya ɗago a hankali, ya kalli Wade, ya kalli ƙwallon. Bai ɗauke ta ba. Ya saɓa sandarsa ya wuce motarsa, ya bar namansa a kan wuta.

*

Tessa ta sami Wade a bayan asibitin dabbobi yana wanke hannu a famfo, rigarsa duk kashin shanu.

"Zumata!" ya ce da fara'a, sai ya ga fuskarta. "Me ya faru? Har yanzu fushi yake?"

"Ya ce ba zai shiga da ni coci ba."

"Kai! A kan ƙwallo?"

"Wade, me ya kai ka? Me ya kai ka, don Allah?"

"Ke fa kika ce in lallaɓa shi!"

Tessa ta san gaskiya ya faɗa. Ita ce wata rana a cikin motarsa ta fashe da kuka, ta gaya masa abin da likita ya ce game da hannun babanta, ta roƙe shi in sun haɗu a fili ya bi shi a hankali.

"Na ce ka lallaɓa shi," ta ce, "ban ce ka yi masa shela ba!"

"Wace shela? A inda na taso, in kana wasa da babba ka yafe masa, ladabi ne. Na ga hannunsa na rawa, na ga kowa ya kau da kai kamar ba su damu ba, zuciyata ta karye. Me kike so in yi?"

"Ka kalli masara!"

"In kalli me?"

"Masara, Wade! Kamar kowa! Ka zaci ba su gani ba ne? Sun fi ka gani. Shekara guda suna rufa masa asiri, kai ka zo rana ɗaya ka yaye."

Wade ya zauna a bakin motarsa, ruwa na ɗiga daga hannunsa. Sai yanzu abin ya shige shi.

"Wayyo Allah... Bari in je in ba shi haƙuri yanzun nan."

"Kar ka soma! Ka ce masa me? Yi haƙuri na tausaya maka? Da cebur zai biyo ka."

"To in ya kafe fa, Tessa?" Ya kamo hannunta. "Ni ke nake so, ba taron coci ba. Mu je gaban alƙali a ɗaura mana, mu biyu. In ya huce daga baya, shi ke nan."

Ta zare hannunta a hankali.

"Ni kaɗai gare shi, Wade. Ba ni da wa, ba ni da ƙani. Tun ina 'yar mitsitsiya yake cewa ranar aurena sai ya sa kwat ko da zafi zai kashe shi. Ba zan taka cocin nan ba sai da hannunsa."

"Ni kuma fa?"

"Kai ma ba zan iya rabuwa da kai ba! Shi ya sa nake kuka, sakarai!"

Ya jawo ta jikinsa, da kashin shanun da komai, ta yi kukanta ta ƙoshi.

*

Ranar Lahadi bayan an taso daga coci, Tessa ta iske babanta a rumfa yana goge wani ƙarfen da ba ya bukatar guga. Ta zauna a kan buhun iri, ta daɗe tana wasa da zoben hannunta.

"Baba... ni ce na gaya masa."

Tsumman ya tsaya.

"Kika gaya masa me?"

"Maganar hannunka. Da abin da likita ya ce. Ni na roƙe shi ya bi ka a hankali. In akwai mai laifi, ni ce."

Da ya yi ihu da ya fi mata sauƙi. Sai ya zauna kawai a kan tayar tarakta, ya ɗora hannun a gwiwa yana kallonsa yana kaɗawa.

"Ashe daga gidana sadakar ta fito," ya ce a hankali.

"Baba, ka yafe mini..."

"Kin san me, 'yar gidana? Uwarki ta daina cika mini kofi, rabi take zubawa, ta zaci ban lura ba. A coci an daina ba ni farantin karɓar sadaka in zaga da shi. Ke kanki kin ɓoye mini tsani. Duk na gani, na yi shiru." Ya ajiye tsumman. "Wuri ɗaya ya rage mini a duniya da in na tsaya ake so a kayar da ni. Ranar Alhamis. Can kaɗai ake ɗaukata cikakken namiji. Shi ma kun karɓe."

Hawaye suka zubo wa Tessa. Ta miƙa hannu za ta taɓa shi, ya kau da kafaɗa.

"Je ki, abinci na hucewa."

Ta tashi. Amma kafin ta kai ƙofar kicin ta riga ta san abin da za a yi. Jinin Kucera ne fa a jikinta, taurin kan nan ba a ƙasa ta tsince shi ba.

Da yamma ta tsare Wade a barandar gidansa.

"Ranar Alhamis za ka janye yafiyarka."

"Ai doka ta ce in an yafe an yafe."

"Dokar Omaha ke nan. A nan abin da maza suka yarda da shi shi ne doka, na riga na yi magana da Kawu Merle. Za ka tashi a gaban kowa ka ce ka fasa. Kuma ba da ladabi ba."

"Ban gane ba."

"Tsokanarsa za ka yi. Ka ce ba zai iya ba."

Wade ya zaro ido. "In ce wa babanki ba zai iya ba? Ni da ko karen mutane sai na ba shi haƙuri kafin in yi masa allura?"

"Gwada mu ji."

Ya gyara murya. "Mista Kucera, in ba za ka damu ba, ina ganin kamar wataƙila..."

"Wayyo ni Tessa! Wannan ai neman aure ne, ba tsokana ba! Sake!"

"Masoyiyata, in ya buga ta kauce fa? A gaban kowa? Kin san abin da kike nema kuwa?"

Ta kalle shi ido cikin ido. Wannan tambayar ita take ta yi wa kanta tun da ta baro rumfar babanta.

"Na sani," ta ce. "Gara ya faɗi da hannunsa."

*

Ranar Alhamis filin ya cika tun da sauran rana. Mazan da suka shekara ba su zo ba sai ga su, wai sun zo miƙe ƙafa. A kicin kuwa, masu taya wanke-wanke sun fi kwanukan yawa. Lorna ma ta zo da tiren kolache, ta kama wuri mai kyau a bakin taga.

Arlen ya iso a makare, fuska a murtuke. Da ƙyar Merle ya jawo shi, wai in bai zo ba za a ce tsoro ya ji. Yana sauke jakar sandunansa Wade ya tako tsakiyar mutane, fuskarsa fari fat kamar wanda za a cire wa haƙori.

Tessa ta bar nama a wuta ta fito bakin ƙofa, tana murɗa gefen rigar girkinta.

"Arlen!" Wade ya kira.

Kowa ya juyo. Ba Mista, ba komai.

"Ƙwallon nan ta makon jiya... na fasa yafewa."

Arlen ya ƙanƙance ido. "Ka me?"

"Na fasa. Na je gida na yi tunani, na ga wauta na yi. Na ba ka wasan da ba ka ci ba." Ya saci kallon Tessa, ta gyaɗa masa kai. Ya ja numfashi. "Daga wurin nan ko rami ya kai bakin rijiya ba za ka jefa ta ba, tsoho!"

Wani ya ce, "Kai!" Merle ya toshe baki da hula, kafaɗunsa na girgiza.

Wuyan Arlen ya yi ja har kunne. "Merle, ka ji abin da mai duba gindin shanun nan ya ce?"

"Na ji, kuma ban ga ƙaryarsa ba. Shekara nawa ina ɗauke da kai a bayana?"

"Kai da ba ka iya ganin ƙwallo sai ta buge ka! Ina take?"

Merle ya zaro ta daga aljihu. Shi ya tsince ta ranar, ya kuma soka ɗan tsinke a inda ta tsaya. Aka ɗunguma zuwa ramin ƙarshe, maza kamar masu rakiyar gawa, amma kowa na danne dariya. Tessa ta bi su har kan lallausar ciyawar, inda mace ba ta taɓa takawa ba ranar Alhamis. Ba wanda ya ce mata kanzil.

Merle ya ajiye ƙwallon. "In ta shiga, Arlen ya ci. In ta ƙi, yana da bugu ɗaya ya yi canjaras. Kowa ya yarda?"

"Mun yarda!"

Arlen ya sunkuya. Sandar ta fara kaɗawa, yau har ta fi kullum. Sai ga kawuna sun fara juyawa wajen gona, don sabo.

"Me kuke kallo a can?" Arlen ya daka musu tsawa ba tare da ya ɗago ba. "Masarar Dostal ce, ba ta da abin kallo! Ku kallo nan!"

Suka juyo. Tessa ta damƙe gefen rigar girkinta. Duk garin na kallon hannun babanta yana rawa a fili, shi kuma bai ɓoye ba.

Ya buga.

Ƙwallon ta gangara, ta nufi rami tiryan-tiryan, ta lashi bakinsa, ta zagaya... ta fito. Ta tsaya kamar taƙi ɗaya daga ramin.

"Ohhh!" maza suka yi gaba ɗaya.

Tessa ta dafe baki. Irin wannan ko maƙiyinka kana yafe masa, ba sai an gwada da sanda ba. Arlen ya ɗago ya zuba wa Wade ido. Kowa ya zuba wa Wade ido. Leɓen yaron ya motsa, tausayin nan nasa ya taso masa har wuya, Tessa na ganinsa. Ta girgiza masa kai kaɗan, hawaye na bin kumatunta.

Wade ya harɗe hannu a ƙirji.

"Me kake jira? Rana na faɗuwa, ni yunwa nake ji."

Wallahi sai da gefen bakin Arlen ya motsa. Ya sake sunkuyawa. Ya daɗe. Sandar ta yi rawa, ta yi rawa, ya cije leɓe ya tura.

Ƙwal! Ta faɗa.

Ihun da aka yi har tsuntsayen kan tankin ruwa sai da suka tashi. Merle ya jefa hularsa sama ta sauka a kan wani. A tagar kicin Lorna tana share ido da tsumman kwano tana cewa, "Ja'irin tsoho! Ja'irin tsoho!" Arlen ya sunkuya da kansa ya ciro ƙwallonsa daga rami, ya miƙe ƙiƙam, ƙirji a gaba, kamar ya ci duniya da abin da ke cikinta. Canjaras ne fa kawai!

Ya tako wurin Wade ya miƙa masa hannun dama, mai rawar, a gaban kowa. Wade ya kama da ƙarfi.

"Tsoho ko?" Arlen ya ce.

"Mista Kucera, wallahi ba..."

"Kar ka ɓata! Yanzu ka fara zama mutum."

Ranar dai nama ya ƙone ƙurmus, haka aka ci shi ba mai ƙorafi. Bayan an gama zagayen wasa aka cika kulob, ana ta maimaita labarin, kowane bakin da ya faɗa sai ƙwallon ta ƙara nisa. Tessa na bayan kantar kulob tana zuba wa mutane masara, ba ta yarda ta kalli babanta ba, don har yanzu bai ce mata komai ba.

Can sai ga shi ya tako, hula a hannu. Surutu ya fara raguwa. Matan kicin suka matso har suna ture juna.

"Tessa."

"Na'am, Baba."

"Wannan shirin naki ne. Yaron can ba shi da wannan muguntar."

Ta sunkuyar da kai. "Nawa ne."

"Hm." Ya juya hular a hannunsa. "Ta wane gefe uban amarya yake tsayawa?"

Ta ɗago da sauri. "Baba...?"

"Tambaya na yi."

"Duk... duk gefen da kake so."

"To ta dama za ki kama ni. Ki riƙe da kyau, kin ji? In ya yi rawa ya yi, duk wanda ya ga dama ya kalla. 'Yata zan kai."

"Baba!" Ta zagayo kantar da gudu ta faɗa ƙirjinsa tana kuka. Ya ɗora hannun a kanta, tana jin yadda yake kaɗawa a cikin gashinta, ba ta taɓa jin abin da ya kai shi daɗi ba. Wade na gefe yana share ido da bayan hannu ba ko kunya.

Sai muryar Merle daga can ƙarshen tebur:

"Jama'a, ku taya ni gani! Arlen Kucera kuka yake yi?"

"Hayaƙin naman nan ne da ta ƙona!"

"Wane hayaƙi? An kashe wuta tun ɗazu!"

Dariya ta ɓarke. Arlen ya saki 'yarsa, ya danna hula har kan hanci, ya nuna Merle da yatsa, ya nuna Wade. Ya juya ya ratsa tsakiyar maza, kai a sama, ya fice ya maido ƙofar kulob ɗin garam!